Zaren da ke Wuyan Kwalba

Tun da Baba ya ce a kira masa Injiniya, Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Mutumin da ko gaisuwarsa Baba ba ya amsawa sai da ƙyar, yau shi ne aka ce ya zo ya duba firintar hoto ta shago. Ta rasa ko murna za ta yi ko tsoro, sai ta haɗa duka biyun ta wuni da su.

Shagon na Baba ne, buga takardu da fitar da hotuna ake yi a ciki, amma tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi Auta ce ke riƙe da komai. A nan ta san Injiniya, mai gyaran firinta wanda ba shi da shago sai wata tsohuwar jaka da yake ratayawa a kafaɗa. Ya nemi aurenta, Baba ya ce a'a. Aka tambayi dalili, ya ce ba shi da dalilin da zai ba kowa.

Yaya kuwa, babban wanta, abin ya yi masa daɗi, don dama yana da nasa gwanin. Abokinsa ne Mai Tawada, wanda ke kawo wa shagunan layin kaya a mota, mutum mai yawan turare da yawan magana.

Umma ce ta yi ta bin Baba da lallashi har ya sauko ya ce, to, a bari ya ga aikin yaron.

"Amma da sharaɗi," ya ce wa Auta yana nuna ta da sandarsa. "Ki zauna can bayan kantar shagon. Ba magana, ba nuni. Kina buɗe baki zancen nan ya mutu."

"To, Baba."

Abin da ba wanda ya sani shi ne Auta ta riga ta yi nata shirin. Jiya da yamma hadari ya taso, Injiniya ya bar jakarsa a ƙarƙashin kanta ya ruga gida. Da safe ta buɗe ta ga halin da kwalaben tawadarsa ke ciki, sai kunya ta kama ta a madadinsa. Tsofaffi ne, sun yi dumu-dumu, ba rubutu a jiki ba komai, ga wani zare da ya ɗaura a wuyan biyu daga ciki, ya yi baƙi ƙirin saboda dauɗa.

Da waɗannan zai tsaya a gaban Baba? Ta fita ta sayo sababbi masu ƙyalli, girma ɗaya, murfi iri ɗaya. Ta juye ja a wannan, shuɗiya a waccan, rawaya a ta ukun. Tsofaffin da zarensu ta watsa a shara, ta wanke hannu tana jin ta yi wa masoyinta abin kirki.

Da hantsi kowa ya hallara. Baba na kan kujerarsa kusa da teburin aiki. Umma na inda ta saba zama a bakin ƙofa, inda haske ya fi shigowa. Tun Auta na ƙarama ta san hoto ba ya fita daga shagon nan sai Baba ya miƙa wa Umma ta duba, har 'yan layi na yi masa tsiya a bayan ido wai mijin-ta-ce ne. Baba ya sha jin zancen, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Yaya ya jingina da kantar, ya tare wa Auta rabin gani. Ba a jima ba ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"Wa ya gayyato shi?" Umma ta tambaya a hankali.

"Wucewa ya zo yi, Umma," in ji Yaya, bai yarda sun haɗa ido ba.

Mai Tawada ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye wani ɗan kwali a kan tebur.

"Baba, na ji an ce gidan tawadarku ya ba da matsala. Ga sabo dal na kawo. Wa ke wanke gidan tawada a zamanin nan? A jefar da tsohon kowa ya huta."

"Ajiye," in ji Baba. "A bari mu gani tukuna."

Sannan Injiniya ya yi sallama. Ya sa farar riga, ya aske sumarsa, amma yatsun nan dai suna nan da tabon tawadar da ba sabulun da ke fitarwa. Auta ta miƙa wa Yaya jakar, Yaya ya cilla masa. Ya gaida kowa har da Mai Tawada, ya juya wa kantar baya, ya buɗe murfin firintar.

Da ya fara aiki sai zuciyar Auta ta ɗan kwanta. Ya zaro gidan tawadar, ɗan akwatin nan da bai kai tafin hannu ba, ya juya shi ya duba bakinsa.

"Bai mutu ba, Baba. Toshewa ya yi. Tawada ce ta bushe a hudojin bakin, shi ya sa hoto ke fitowa da layi-layi."

Ya nemi ruwan ɗumi a faranti mai faɗi, ya taɓa da yatsa ya ji bai yi zafi ba. Bakin kawai ya tsoma, bai bari ruwa ya kai ga jan ƙarfen da ke baya ba. Ruwan ya fara rinewa. Ya ciro, ya goge jan ƙarfen da busasshiyar auduga, ya sa sirinji ya zuƙe tsohuwar tawadar da ta yi kauri daga kowane rami har sai da ya ga ba saura. Baba na kallon hannunsa, ko ƙiftawa ba ya yi.

Sai ya sa hannu a jaka zai ɗauko tawada.

Auta ta ga bayansa ya sandare. Ya fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya jera. Ya shafa wuyan ta farko, ya shafa wuyan ta biyu. Ya sake zura hannu a jakar ya laluba kowane lungu. Sannan ya waiwayo ya dube ta.

Ita kuwa baiwar Allah sai ta sakar masa murmushi, har da sunkuyar da kai irin na wadda ake shirin yabo.

"Injiniya, an manta karatun ne?" in ji Mai Tawada.

"A'a."

Rawayar ya fara ɗauka, ya zuba a raminta ba tare da jinkiri ba. Sauran biyun ya ɗaga su sama wajen haske, ya daɗe yana kallo. Zufa ta keto masa a ƙeya. Daga bisani ya ɗauki ta dama, ya cika sirinji. Mai Tawada, wanda ke tsaye a kansa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya rufe, ya harɗe hannuwa yana murmushi.

Da ya gama cikawa ya jiƙa tishu, ya danna bakin gidan tawadar a kai. Wannan ne wurin da Auta ta fi so a duk aikinsa. Kullum idan ya danna sai ya miƙo mata tishun ya ce, "Auta, me kika gani?" Ita kuma ta ce, "Ga ja, ga shuɗi, ga rawaya," ko ta ce shuɗin bai fito sosai ba. Da wannan tambayar soyayyarsu ta fara, da ita ta girma.

"Au..." ya fara, sai ya tuna. Ya haɗiye sauran. Ya ƙirga layukan da yatsa, ya ga uku ne, ya mayar da gidan tawadar cikin firinta.

"Wane hoto za a gwada, Baba?"

"Na mahaifiyata. Yana nan a kwamfutar."

Firintar ta yi ƙara, ta ja takarda. Ba layi ko ɗaya, tsaf ta tafi. Injiniya ya zaro hoton, ya duba, ya saki ajiyar zuciya, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Ga shi, Baba. Ya fito da kyau."

Baba ya karɓa ya kalla. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya miƙa wa Umma kamar yadda ya saba.

Umma na gani ta yi saurin kife shi a cinyarta. Amma Mai Tawada ya riga ya hango.

"Umma, a ba mu mu ma mu yaba mana."

Yaya ne ya zare hoton daga hannunta, ya ɗaga shi sama. Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kakarta ce zaune da murmushinta da aka sani, amma fuskar koriya shar kamar ganye, hannuwan ma haka. Shuɗin mayafinta ya koma ja.

"Innalillahi," in ji Yaya. "Kai, kakarmu ka mayar haka? Kuma ka ce ya fito da kyau?"

Injiniya ya dubi hoton, ya dubi Yaya. Duk wanda ke shagon ya ga cewa bai san abin da ake nufi ba.

Dariyar Mai Tawada ta tsaya cak. Ya ƙura masa ido, sannan ya ɗauki kwalabe biyun nan ya ɗaga a gabansa.

"Ina kallonka ka zuba ja a ramin shuɗi, na ɗauka rawar jiki ce. Tsaya. Wacce ce ja a nan?"

Injiniya ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Tambayarka nake. Wacce ce ja?"

"Ban sani ba," in ji Injiniya. Muryarsa da ƙyar ta fita. "Ba na rarrabe su. Haka aka haife ni."

Auta ta dafe kantar. Kunnuwanta suka ɗauki wani irin ƙara.

"Ikon Allah," in ji Mai Tawada yana girgiza kai, ga alama tausayin ma daɗi yake masa. "Mai gyaran launi ba ya ganin launi. Baba, ni ba ruwana da maganar gida, amma ka san irin wannan abin gadonsa ake yi. Jikoki fa."

Ƙashin muƙamuƙin Baba ya motsa.

"Tattara kayanka," ya ce wa Injiniya. "Na ga abin da zan gani."

Injiniya ya mayar da sirinji da auduga cikin jaka. Kwalaben bai taɓa su ba. Ya durƙusa ya yi wa Baba da Umma sallama, ya fita ta ƙofar baya.

"Auta, zauna," in ji Yaya.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta sami Injiniya a bakin famfon bayan shago yana ta cuɗa hannu, ruwa na zuba a banza. Ta tsaya nesa kaɗan. Hawayen da ta riƙe a ciki suka ƙwace mata.

"Injiniya."

Bai juyo ba.

"Zaren nan," ta ce. "Na wuyan kwalabe. Na mene ne?"

"Shi ne idona. Ƙullin ne ke gaya mani wacce ce wacce."

Ta toshe baki da hannu biyu.

"Ni ce na zubar. Wallahi dauɗa na gani. So nake ka fito fes a gaban Baba."

"Na sani. Ina ganin murmushinki na gane."

"To me ya hana ka tsayawa? Me ya hana ka ce a dakata?"

"In ce me, Auta? A gaban wancan? Na ce a raina biyu ne kawai, ko in dace ko in faɗi." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Sai na faɗi."

Ta share hawaye, sai kuma wani tunani ya soke ta, wanda ya fi na farko zafi.

"Tsaya. Duk lokacin da kake miƙo mani tishu kana cewa me na gani, ashe da gaske kake tambaya?"

Ya kashe famfon.

"Ni ina can ina jin daɗi, ina cewa hira kake ja na da ita. Na gaya wa ƙawayena, na ce wani salo ne naka. Ashe ido kake nema. Ashe ni ma zare ce ka ɗaura a wuyan kwalba."

"Kada ki ce haka."

"To me zan ce? Na tsaya gaban Baba na ce ba abin da ka ɓoye mani. Na yi faɗa da Yaya har muka daina magana. Gaya mani gaskiya, ni kake so ko idona?"

Ya juyo yanzu. Idanunsa sun kaɗa.

"Kafin in san ki ina aikin nan, kuma ban taɓa tambayar kowa ba. Zarena ya ishe ni. Layi kuma ƙirgawa nake, in uku ne shi ke nan. Ba na buƙatar idon kowa, Auta."

"To don me kake tambayata?"

"Don ranar farko da na miƙa maki, ba ki ce ja kawai ba. Cewa kika yi ja ne irin na cikin kankana, shuɗin kuma irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya gaya mani yadda suke. A makaranta dariya aka yi mani. Wurin da na fara koyon aiki, ranar da maigidan ya gane, ranar ya sallame ni. Ke kaɗai kika sa na ji kamar na kusa gani. Shi ya sa na yi ta tambaya."

Kukan Auta ya ƙaru.

"Da ka gaya mani."

"Na sha ɗauko maganar in mayar. Ina tsoron irin kallon da kike mani yanzu."

"Wane kallo nake maka?"

"Na tausayi."

Ta kawar da kai, don ba ƙarya ya yi ba.

Ya rataya jakarsa.

"Ki koma ciki. Kada Baba ya yi fushi da ke a kaina. Mai Tawada yana gani da kyau, ba zai taɓa mayar da kakarki koriya ba."

"Yana gani, ya gan ka za ka faɗa rami ya yi shiru."

"Duk da haka. Ki yafe mani, Auta. Zan bar layin nan, don kafin yamma kowa ya ji."

Ya bi ta lungu ya nufi tasha. Ta kira shi sau ɗaya, bai waiwayo ba.

Lokacin da ta koma, Yaya ya fita raka abokinsa wurin mota, ana jiyo dariyarsu daga waje. Baba da Umma kaɗai ne a shagon. Hoton na kan tebur kusa da kwalaben, ga kwalin Mai Tawada ba a buɗe ba.

Auta ta zube a gaban Baba.

"Baba, laifina ne. Ni na canza masa kwalabe. Nasa suna da wata alama da yake..."

"Zare," in ji Baba. "Na sani. Yana buɗe jakar na ga babu shi, na san an gama."

Ta ɗago kai.

"Ka sani?"

"Tun ranar farko da ya shigo shagon nan na gan shi yana shafa wuyan kwalba kafin ya zuba."

"Amma Baba, ni ma na ga zaren, kullum ina gani, ban taɓa gane amfaninsa ba. Kai ta yaya ka..."

Ta dubi hoton. Ta tuna yadda Baba ya karɓe shi ɗazu. Mahaifiyarsa ce, wadda ko sunanta aka ambata sai idonsa ya ciko. An miƙo masa ita da koriyar fuska, ya kalla, bai ce uffan ba, ya miƙa wa Umma.

Ta juya a hankali ta dubi kujerar bakin ƙofa, inda haske ya fi shigowa.

"Umma?"

Umma ba ta dube ta ba, mijinta take kallo.

"Malam, ka faɗa mata ko in faɗa?"

Baba ya sunkuyar da kai a kan sandarsa. Auta ba ta taɓa ganinsa haka ba, kamar an zare masa laka.

"Ban san abin da ya sami hoton ba sai da yayanki ya yi magana," ya ce. "A idona lafiyarsa ƙalau."

Auta ta yi zaman dirshan a ƙasa. Abubuwa suka yi ta dawo mata. Umma ce ke fito masa da kayan sawa kowace safiya. Umma ce ke zaɓen fenti, ita ke zaɓen labule. Ko kankana Baba bai taɓa saye shi kaɗai ba. Duk tsiyar da 'yan layi suka yi masa, ya gwammace a ce masa mijin-ta-ce da a san wannan.

"Yaya ya sani?"

"Ba wanda ya sani sai uwarku."

"To Baba," ta ce, "kai da ka fi kowa sanin zafin abin, kai ne za ka kore shi?"

"Don na sani ne na kore shi." Ya ɗago, idanunsa jajur. "Dubi matar nan. Tun tana amarya na dasa ta a kan kujerar can. Ba ta je inda take so ba, ba ta yi sana'ar da take so ba. In tana zazzaɓi sai na rufe shago. Ranar da ta haife ki, a gadon asibiti na kai mata hotunan mutane ta duba. Na cinye mata rayuwa, Auta. Ba zan zuba ido wani ya cinye taki ba."

Hawaye suka gangaro masa, bai share ba.

Umma ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"Malam, ka gama?"

Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Duk shekarun nan kana ɗauke da wannan a ranka, ka taɓa tambayata ko na gaji?"

"Ai ba sai na tambaya ba."

"Sai ka tambaya. Wa ya gaya maka cinye mani rayuwa ka yi? 'Yan'uwana mata suna can, mazansu na fita da safe ba su san inda suka nufa ba. Ni nawa ba ya yanke komai sai ya juyo ya ce, ke me kika gani. Ka san matan da ke neman a yi masu wannan tambayar ko sau ɗaya kafin su mutu?"

"Tilas ce ta sa nake yi."

"Da fari tilas ce. To maganar filin da ka saya, launi ne? Makarantar yaran nan, launi ce? Bakinka ne ya saba, Malam, har zuciyarka ta bi. Kujerar can kuwa ba kai ka dasa ni ba. Ni na ɗauko ta daga gida na ajiye."

Baba ya yi tsuru yana kallonta, kamar yau ya fara ganinta.

"Kuma yaron nan ma ya fi ka dabara," in ji Umma. "Shi ya nemi zare. Kai ni ka samu ka miƙe ƙafa."

Auta ta yi dariya cikin kuka ba ta shirya ba.

Umma ta kama bakin mayafinta, ta zaro zare mai tsawo, ta tsinka shi biyu da haƙori. Ta ɗauki kwalabe biyun daga kan tebur ta danƙa wa Auta, ta ɗora mata zaren a kai.

"Tashi. Bai kai tasha ba."

Auta ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa ke nan Yaya ya dawo, ya tare hanya.

"Ina za ki da wannan? Baba, kana ganinta fa. Abokina ya ce gobe zai dawo a yi magana ta gaskiya."

"Auta," in ji Baba.

Ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta san muryar nan. Da ita ya ce a'a tun farko, kuma ta san in ya sake faɗa yau, ba za ta iya taka ƙofar nan ba. Ta rungume kwalaben a ƙirji, ta rufe ido.

Daga waje ana jin motar Mai Tawada na barin layin.

"Nasa ja ce mai ƙulli ɗaya," in ji Baba. "Na lura da ramin da yake zuba ta. Shuɗiya biyu. Ki ɗaura daidai, kada ki sake juya masa."

Yaya ya saki baki yana kallon mahaifinsa. Auta ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta fita da gudu, tana ƙulla zaren a hanya.